Oga Direba, Ajiye Hon Ɗinka a Fagam

Na ji an ce biza ta fito, Oga Direba. Barka da arziki. An ce har ka sayar da Golf ɗin da kake jigilar Fagam zuwa Birnin Kudu da ita, ka biya mai faci bashinsa, ka yi wa 'yan kamasho sallama, sai Ingila. Madalla, Allah ya tsare hanya. Amma kafin ka zuge jaka, ja benci ka zauna, akwai saƙon da duk 'yan tasha suka ji nauyin faɗa maka: can inda za ka, kai ɗan koyo ne.

Ka ce me? Mayar da wuƙar, ban zage ka ba. Ka ce shekara ashirin kana riƙe da sitiyari, ko akuya ba ka taɓa bugewa ba? Akuya dai na yarda. Kajin hanyar Basirka kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Ga yadda dokarsu take. Lasisin Najeriya da ke aljihunka zai yi maka aiki a Birtaniya na wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Watannin na cika, in ba ka ci jarrabawarsu ba, ya zama katin tunawa da gida. Abin da ya rage maka shi ne lasisin 'yan koyo, wanda hukumar DVLA da ke Swansea take bayarwa a kan fam 34 in ta intanet ka nema. Daga nan sai ka manna jan harafin L a gaban mota da bayanta, kuma ba ka da ikon fita ko sayen burodi sai da mai lasisi a gefenka. Kai da kake korar yaran mota daga kujerar gaba, yau kai ake rakawa.

Ka ce ai kana da na ƙasa da ƙasa, ɗan littafin nan da ka biya kuɗi mai kauri aka yi maka? Riƙe abinka da kyau, yana da kyau a hoto. Aikinsa kawai ya shaida wa ɗan sandan wata ƙasa cewa kana da lasisi a gida. Ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan wata 12 ɗin nan.

Na ga ka fara kumbura. Ka ce wariya ce, ai ka ji ɗan Zimbabuwe da ɗan Afirka ta Kudu miƙa nasu kawai suke yi a musanya musu da na Ingila, ba jarrabawa ba komai. Gaskiya ka ji. Suna cikin jerin ƙasashen da Birtaniya ta amince da gwajin tuƙinsu, tare da irin su Japan da Kanada da Ostareliya, mu kuwa ba ma ciki. Ni ma abin ya sosa mini rai, har na tashi zan taya ka faɗa. Sai na ce bari tukuna in yi maka tambaya ɗaya. A tsarin ƙasarmu, mai son lasisi zai shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ya je jami'in VIO ya gwada shi, ya biya kuɗi a ofishin tara haraji na jiha, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito. To, Oga, ranar da aka gwada ka, wace mota ka ja? Wace hanya kuka bi? Me ya sa kake kallon sama? Ko dai wani yaro mai hanya ka damƙa wa kuɗi, ka je Dutse aka ɗauke ka hoto, ka ci shinkafa da wake ka dawo? Ba ni amsa ba dole ba ne. Yi tari kawai, zan gane.

Ka ce to ko ma yaya ne, mota dai mota ce, ƙafa huɗu gare ta a ko'ina? Haka ne, sai dai can sitiyarin yana dama, hanya kuma ta hagu ake bi. Giya da hannun hagu za ka sa ta. Ranar farko za ka kai hannun dama neman giya ka cafko marfin ƙofa. Shataletale kuwa ta hagu ake shiga, ana ba wa na dama hanya, kishiyar abin da jikinka ya haddace tun kana yaron mota. Wani abin dariyar ma shi ne, kakanka da ya ja gingimari zamanin En'e ya fi ka dacewa da titin Landan, domin mu ma hagun muke bi har zuwa 2 ga Afrilu 1972, lokacin mulkin Janar Gowon, da aka juya mu dama don mu daidaita da Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey. Gana ta biyo baya a 1974. Wato Bature ne ya koya mana hagu, muka yi shekara hamsin muna mantawa, yanzu kuma za ka biya shi da fam ya sake koya maka.

Kafin ma a bar ka ka taɓa mota a gaban mai gwaji, akwai jarrabawar kwamfuta, fam 23. Tambaya 50 ce, sai ka ci 43. Ka ce za ka tafi da ɗan ƙanenka mai digiri ya riƙa yi maka tafinta? Ka makara, tun watan Afrilun 2014 suka hana tafinta. Turanci ne ko harshen mutanen Wales, zaɓi wanda ya fi maka sauƙi. Bayan tambayoyin sai a nuna maka gajerun bidiyo 14, kamar kana cikin mota, ka danna da zarar ka hango haɗari na tasowa. Maki 75 ne, ana son 44. A nan na san za ka yi murmushi, domin wanda ya saba ratsa kasuwar Sara ranar da take ci, inda ɗan acaɓa da amalanke da tunkiya da tsohuwa mai tallan daddawa duk suke da gaskiya a tsakiyar titi, ai hango haɗari abincinsa ne. Matsalarka ita ce kai komai haɗari ne a wurinka. Za ka ga bishiya ka danna, ka ga kwandon shara ka danna, ka ga gajimare ka danna. Na'urar kuwa in ta ga kana danne-danne ba ƙaƙƙautawa, sai ta ɗauka caca kake yi, ta ba ka sifili a wannan bidiyon.

Mu ce ka haye. Sai neman ranar gwajin titi, fam 62 a ranakun aiki, kuma a 'yan shekarun nan layin ya yi tsawon da mutum kan jira watanni. Ranar ta zo. Ga wata mata ta fito da allon kwamfuta a hannu, ta kira sunanka ta karya shi gida uku, ta ce ka karanto mata lambar wata mota daga nisan mita 20. Ka karanta. Ta tambaye ka yadda ake gane birki na aiki kafin a tashi. Nan fa ka samu fage, kai da ka sha kwance kafireto a gindin kuka da sukundireba ɗaya. Kuka shiga mota, ta ɗaura bel, ta yi shiru.

Wannan shirun shi ne zai fara kayar maka da gaba. Ka saba fasinja biyu a kujerar gaba, ɗaya na ba ka labarin siyasar Gwaram, ɗaya na cewa a tsaya zai yi fitsari. Wannan ba ta cewa komai sai “a shataletale na gaba, ɗauki mafita ta biyu”. Ka tashi mota lafiya lau, ko girgiza ba ta yi ba, amma ba ka waiga ta kafaɗa ka duba inda madubi ba ya kaiwa ba. Ta ɗan taɓa allonta. Ka ce ai ka duba da wutsiyar ido? Wutsiyar idonka ba ta cikin takardarta, so take ta ga wuyanka ya juya. Ka saki sitiyari da hannu ɗaya ka jingina gwiwar hannu a taga, irin zaman manyan direbobi. Ta taɓa allo. Ka gangaro tudu ka zare giya don tsimin mai, dabarar da ta ciyar da iyalinka shekara da shekaru. Ta taɓa allo. Kusan minti 40 za ku yi a haka. Ƙananan kurakurai har 15 ana yafewa, amma babba guda ɗaya tak ya isa a ce ka dawo wani jiƙon, kuma sai ka jira aƙalla kwanakin aiki 10. Wani dattijo ya sa ƙafa a wurin tsallakawa mai zanen fari da baƙi, kai kuma ka auna da ido ka ga za ka wuce kafin ya iso, ka wuce ɗin kuwa, ko rigarsa ba ka taɓa ba. A tashar Fagam wannan gwaninta ce. A wurin matar nan gwaji ya ƙare, sauran tafiyar rakiya ce kawai kake yi mata zuwa ofis.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ba ni tausayinka, wato hon. Oga, a wurinmu hon baki ne. Da shi kake gaida surukinka in ka wuce ƙofar gidansa, da shi kake kiran fasinja, da shi kake tambayar direban da ya fito daga Kwanar Huguma ko akwai masu kaki a gaba, shi kuma ya amsa maka da fitila. Da shi kake zagi, da shi kake ba da haƙuri, har amarya da shi kake rakawa. Can kuwa aikinsa ɗaya ne: sanar da wanda bai gan ka ba cewa ga ka nan. Doka ta hana danna shi in mota na tsaye, sai in akwai haɗari, ta kuma hana shi a cikin gari daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Ka hango wani Bakano a bakin titin Manchester, daɗi ya kama ka ka yi masa “fiii-fit”, mai gwaji za ta waiga tana neman wanda ka kusa takewa.

Ka ce a bar wannan, ai ko'ina akwai “a yi magana”, ɗan Adam ba ya ƙin alheri? Subhanallahi! A gabana kake faɗin haka? To gwada. Naɗe fam 20 a cikin takarda ka miƙa mata, ka ga yadda gwajin tuƙi ke komawa shari'a. Ka ce to za ka tura wani mai kama da kai ya zauna maka, tunda a idonsu duk kamarmu ɗaya? An sha ɗaure mutane a kan wannan dabarar, kuma baƙo in ya shiga irin wannan, bizarsa ma ta shiga uku. Ko bayan ka ci, ba ka tsira ba. A shekaru biyun farko, maki 6 na laifi sun isa a ƙwace lasisin ka koma ɗan koyo, kuma riƙe waya kana tuƙi shi kaɗai maki 6 ne da tarar fam 200. Kai da kake cinikin buhun riɗi ta waya kana obateki a kwana.

Ka ce to ka fasa, Saudiyya za ka, can hannun dama ne irin namu? Allah ya karɓi ibada. Sai ka samu iƙama, a gwada idonka, ka bi ta makarantar tuƙi irin su Dallah, sannan kyamarorin Saher su riƙa aiko maka da tara ta waya tun kafin ka kashe mota. Da wa za ka yi magana, da ƙarfe? Jamus kuwa wata 6 kacal suke ba lasisinka, daga nan jarrabawa biyu. Suna yin ta rubutun da harsuna da dama, har da Larabci. Hausa dai ba ta samu kujera ba.

Kada ka ce ban yi maka adalci ba. Na yarda da abu ɗaya, kuma zan faɗa a gaban kowa: a ɗauko matar nan mai allo, a ba ta Sharon da fasinja goma da buhun gero huɗu a but, a ce ta kai su Farin Dutse cikin watan Agusta bayan ruwan dare, ko rabin hanya ba za ta kai ba za ta fito tana neman uwarta. Hannunka ya fi nata, nesa ba kusa ba. Sai dai ita ba hannu take aunawa ba. Kai gwanintarka ita ce kauce wa abin da ba a zata ba. Ita kuwa so take ta tabbatar kai kanka ba ka zama abin da ba a zata ba, cewa wanda ke bayanka zai iya sanin abin da za ka yi tun kafin ka yi. Shekara ashirin kana rayuwa da ba-zata, yanzu an ce ka daina, kuma kowace awa ta malamin da zai raba ka da halinka ta haura fam 30. Hukumarsu ta ce sabon ɗan koyo kan buƙaci kusan awa 45. Kai naka lissafin daban ne, domin kafin a zuba maka sabo sai an kwashe tsohon.

Shi ya sa nake so ka shirya wa abin da ya fi faɗuwa ciwo. Hajiya matarka, wadda takardar jinyarta ta makarantar Birnin Kudu ce ta samo muku bizar nan, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ko keke ba ta iya ba. Ba ta da gwiwar hannun da za ta sauke daga taga, ba ta da surukin da za ta gaisar da hon. Malami zai ce duba madubi, ta duba. Kai zai ce duba madubi, ka ce masa ai ka san babu kowa. Kusan rabin masu shiga gwajin nan faɗuwa suke yi, kuma kada ka yi mamaki in aka raba ku gida biyu, ita a wannan rabin, kai a wancan.

Ka ce ba komai, in ta ci sai ta riƙa zama a gefenka kana tuƙawa da jan harafinka, mutuncinka bai zube ba? Ayya, Oga. Mai raka ɗan koyo sai ya shekara uku da lasisinsa. Zagaya ɗaya ƙofar, ka ɗaura bel, ka riƙe mata jaka. In kuma kuka iso shataletale, don Allah kada ka miƙa hannu ka danna mata hon.