Yadda Sabon Kafinta Zai Haɗa Kujerar Shan Iska a Tazruk

Duk Bahaushen da neman abinci ya kai shi Tazruk, ya wayi gari da sha'awar haɗa kujerar katako da hannunsa, to ya fara sanin cewa babu wanda ya aike shi. Garin yana can cikin duwatsun Ahaggar, arewa maso gabas da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,800, kuma ƙidayar 2008 ta samu mutum 4,000 da 'yan kai a cikinsa. Abzinawan wurin sun daɗe suna shimfiɗa darduma a kan yashi su sha shayinsu zagaye uku, ba su nemi kowa ya ɗaga su daga ƙasa ba. Amma tunda mutum ya ƙudura, sai a taimaka masa.

Matsala ta farko itace. Da a Kano ne, da sai ya hau Keke Napep zuwa 'Yan Katako a Na'ibawa, ya yi ciniki har muryarsa ta dushe. A Tazruk kuwa, itatuwan da ke cikin garake, ɓaure da rumman da sauransu, kowanne da mai shi, kuma mai shin ya san adadin rassansa. Na cikin kwari, dangin ƙaya da suka sha wuya kafin su kai tsayin mutum, suna cikin gandun Ahaggar da gwamnati ta keɓe tun 1987. Wanda ya saɓa gatari ya nufe su zai samu wurin zama a ranar, sai dai benci ne a ofishin jandarma.

Saboda haka sai ya gangara Tamanrasset ya sayi katako. Ya kamata ya cire takalmi kafin ya taɓa shi, don katakon ya fi shi yawon duniya. Aljeriya tana shigo da mafi yawan katakon aikinta ne daga Turai, ciki har da Finlan da Suwidin. An sare shi a dajin ƙanƙara, ya hau jirgin ruwa zuwa gaɓar Bahar Rum, sannan ya hau babbar mota ya yi kusan kilomita 2,000 daga Aljas zuwa kudu. Duk wannan kuɗin mota yana cikin farashin, don haka idan an faɗi kuɗin kada ya ce an zage shi. Masu sayarwa sun kasa shi gida biyu, fari da ja, kuma jan ya fi jure zaman waje. Ya ɗaga kowane falle ya rufe ido ɗaya ya bi gefensa da kallo. Idan ya ga ya karkace, mai shago zai ce, "Haba Alhaji, ai da ka buga masa ƙusa zai miƙe." Ba zai miƙe ba, kuma Alhajin ma na ciniki ne.

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman katakon nan da ake jera kaya a kansa a cikin manyan motoci. Ya duba hatimin da ke jikinsa. Idan ya ga HT, da zafi aka gasa shi, babu laifi. Idan MB ne, hayaƙin guba aka yi masa don kashe ƙwari, ya bar wa mai shi abinsa. Ciro tsofaffin ƙusoshin zai ci masa yini guda da ɗan yatsa guda. Araha ba ta ado.

Yanzu ga aikin da ya fi kowanne wuya, wato kada ya yi komai. Katakon gini yakan baro masana'anta da ruwa a jikinsa kimanin kashi 18 zuwa 20 cikin 100, alhali iskar hamada ba ta barin itace sai ta mayar da shi wajen kashi 5 ko 6. Ruwan nan idan ya fita, katako yakan tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsayinsa kusan bai motsi. Falle mai faɗin santimita 20 yana iya rasa rabin santimita ko fiye. Duk wanda ya zauna a Zariya ko Maraɗi ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina, ta dawo tana lilo da hunturu. To a Tazruk, a wajen katako, hunturun ba ya ƙarewa. Wanda ya haɗa kujera ranar da ya sauke kaya daga mota, bayan wata guda zai tarar da ita ta buɗe baki a kowace gaɓa, tana kuka idan an zauna. Sai ya jera fallayen a inuwa, ya sa 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, ya ɗora dutse a sama, ya ba su mako biyu ko uku. Idan uwargida ta ce, "Maigida, wai kujerar nan fa?" ya amsa cewa ana kan aiki. Wannan karon gaskiya ya faɗa.

Cikin wannan jiran ne zai zaɓi fasali, kuma a nan ne waya za ta so ta ɓatar da shi. Hoton da zai fi ɗaukar masa hankali shi ne na kujerar Adirondack, mai faffaɗan hannu da jingina a kwance. Wani Ba'amurke, Thomas Lee, shi ya ƙirƙiro ta a 1903 a garin Westport na jihar New York don iyalinsa su sha iska. Ya nuna wa abokinsa kafinta, Harry Bunnell, don ya samu na cefane, shi kuma Bunnell ya zagaya ya yi rajistar fasalin da sunansa, aka ba shi takarda a 1905. Abin lura ga ɗan koyo biyu ne: ya san irin abokin da zai nuna wa zanensa, sannan kujerar cike take da yankan karkace da ba a fara koyo da su. Wanda ya fi tausayinsa shi ne Enzo Mari, ɗan Italiya, wanda a 1974 ya fitar da zanen kayan ɗaki da kowa zai iya haɗawa da fallayen katako da guduma da ƙusa kawai, ya kuma raba zanen ga duk mai so. Kujerarsa ba kyakkyawa ba ce, amma tana tsayawa da ƙafafunta, abin da ba kowace kujerar farko ke yi ba.

Awo ba shi da yawa. Daga ƙasa zuwa mazauni santimita 43 zuwa 45, zurfin mazaunin 40 zuwa 45, jingina kuma ta ɗan kwanta baya kaɗan, don idan ta miƙe ƙyam mai zama zai ji kamar an kira shi gaban alƙali. Da tef za a auna, ba da taƙi ba, domin taƙin mutum da safe daban yake da na bayan cin abinci. Ya yanka ƙafa ɗaya ya mayar da ita ma'auni, ya zana sauran da ita. Idan ya auna ta biyu da ta farko, ta uku da ta biyu, kuskure zai yi ta haihuwa. Kuma zarto yana da nasa kason, milimita ɗaya ko biyu a kowane yanka, don haka a gefen layi ake yanka, ta ɓangaren da za a yar.

Kayan aiki: zarto, guduma, tef, fensir, sukwaya, da abin huda rami. Mafi yawansu aro zai yi. Idan ya je wajen maƙeran Abzinawa, inadan, waɗanda suka gaji harhaɗa sirdin raƙumi da itace da fata tun kaka da kakanni, za su dubi zanensa cikin ladabi su zuba masa shayi. Kada ya ɗauki shirun nan a matsayin yabo.

Busasshen katako yana tsagewa da ƙusa, musamman kusa da baki. Maganinsa ya huda ɗan rami tukuna, ya kuma ja baya daga baki kamar santimita 2 ko 3. In babu abin hudawa, ya juya ƙusar ya ɗan doki tsininta da guduma ta dakushe, don dakusasshiyar ƙusa murƙushe itace take yi ta wuce, mai tsini kuwa tsaga shi take yi. Sukuru ya fi ƙusa riƙo, kuma ana iya ƙara ɗaure shi daga baya. Tsakanin fallayen mazauni ya bar 'yar kafa ta rabin santimita, yashi ya samu hanyar zubewa, haka ma ruwan saman da kan faɗo jefi-jefi wajen watan Agusta.

Abin da ke kayar da kujerun 'yan koyo shi ne rashin tokara. Katako huɗu da aka haɗa murabba'i suna iya kwantawa gefe da zarar mai ƙiba ya yi dariya, amma kusurwa uku ba ta kwantawa. Ya sa sanda ɗaya a karkace, ko faffaɗan falle mai sukuru biyu a kowane gefe. Don ya tabbatar bai haɗa ta a karkace ba, ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, in awon ya zo ɗaya an dace.

Duk da haka za ta yi rawa. Ƙafa uku kullum suna taɓa ƙasa, ta huɗu ce mai gardama. A nan ne Shaiɗan ke zuwa da shawarar a ɗan rage doguwar. An rage, sai wata ta zama doguwa, a rage ta ita ma, kafin la'asar kujerar shan iska ta koma kujera 'yar tsugunno. Idan ta kai ga haka, ya miƙa wa uwargida ya ce dama ita ya yi wa. Mai hankali kuwa sai ya tuna a kan yashi za ta zauna, yashi kuma ba ya tona asirin kafinta. Illarsa ɗaya, siraran ƙafafu suna nutsewa, baƙo ya zauna sosai ya ƙare hira a kishingiɗe. Sai a buga falle a ƙasa ya haɗa ƙafar gaba da ta baya a kowane gefe.

Ya goge ta da sanfefa sosai, don sartse a babbar rigar baƙo ba ƙaramin abin kunya ba ne. Banish mai ƙyalli zai ba shi sha'awa, amma ranar kan tudu ta fi ta ƙasa cizo, ga daren hunturu da ruwa ke daskarewa, ba da jimawa ba zai fara ɓarewa. Man linsid ko fentin waje mai haske sun fi. Baƙin fenti kuwa, wanda ya zauna da azahar zai tashi ba sallama. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi saboda gara, a bar shi a rufi. Kada ya yi fenti ranar iska, sai in yana son kujera mai jikin sanfefa. Tsumman da ya jiƙe da man linsid kuma ya shanya shi a buɗe, don in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta shi kaɗai.

Ranar gwaji, buhun siminti mai kilo 50 ne zai fara hawa. In ya kwana lafiya, sai a gayyato taubashi, wanda ko ya faɗi dariya za a yi. Suruki shi ne na ƙarshe, bayan wata guda, bayan an bi duk sukurorin an ƙara ɗaure su.

Daga nan sunansa a unguwa ya koma Malam Kafinta. Wannan zai kawo ƙofar da ta balle, wancan ƙotar fartanya, wata tsohuwa ta aiko da akwatin aurenta, kuma duk da "Allah ya saka da alheri" za a biya. Ya karɓa da fara'a, amma kafin ya yi wa kowa alkawari ya fara mayar da zarton mutane, don mai shi ya aiko yaro sau biyu.