Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Malamin Turancin Hotoro

Malam Bazazzagi, bawana na gado, sannu da ƙoƙari. Kada ka ɗauka gaisuwa ce ta kawo ni, ubangida ba ya bin bawa da gaisuwa. Ƙara na kawo, kuma a bainar jama'a zan shigar da ita.

Tun da aka ɗauke ka koyar da Turanci a nan Hotoro, aka kuma ba ka ajin da ke jikin katangar gidanmu, unguwa ba ta sake samun barcin hantsi ba. Takwas na bugawa sai yara su ɗauka da murya ɗaya: big, bigger, biggest, tall, taller, tallest. Kai kuma kana dukan tebur da tsumagiya kana ba su amshi. Tsohuwarmu da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba har ta haddace, ta tambaye ni ko wani sabon wuridi ne aka shigo da shi daga Zariya.

Da a ce haddar tana haifar da ɗa mai ido, da na yi shiru. Sai na kira ɗan ƙanena, wanda ka ce shi ne zakaran ajinka, na nuna masa tankar mai da ke layi a bakin daffon NNPC da wata adaidaita sahu a gefenta, na ce ya faɗa mini da Turanci wacce ta fi tsawo. Yaro ya sosa ƙeya ya ce tanker is long than. Na girgiza kai. Ya ce tanker long pass am. Na harare shi. Da ya ga ba mafita sai ya haɗa duk makaman da ka ba shi ya harba lokaci ɗaya: more longer. Alhali in ka tashe shi daga barci ka ce long, kafin ya buɗe ido zai ba ka longer, longest.

Bari in koya maka aikinka, tunda ilimin Zariya a takarda ya tsaya. Yaron nan ba kwatance ne bai iya ba. Ɗan Kano ne, tun yana goye yake jin ana cewa wannan atamfa ta fi waccan kyau, shinkafar Dawanau ta fi ta kanti araha. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne inda Bature ya ɓoye kwatancen. Mu aikatau muke sawa ya ɗauki kayan: Audu ya fi Bala tsawo. Kalmar tsawo tana zaune a ƙarshe, ba wanda ya taɓa ta, ko mutum biyu ake gwadawa ko dubu. In an tashi ƙure magana sai a ce ya fi kowa, ko a ce mafi tsawo. In tazarar kaɗan ce a ce ya ɗara shi, in sun yi kunnen doki a ce ya kai shi, in ya gaza a ce bai kai ba. Shi kuwa Bature siffar yake kamawa ya liƙa mata wutsiya, sannan ya kawo than ya dasa a tsakani. To yaro ya shiga jimlar Turanci yana laluben inda "fi" take, bai gan ta ba. Da ya waiwaya sai ya ga Turancin buroka da yake ji a Sabon Gari ya ajiye masa pass daidai inda yake nema, don haka ya cafke. Laifin wa? Da ka rubuta jimlar Hausa a sama, ta Turanci a ƙasa, ka ja layi ka nuna masa cewa aikin "fi" ɗin nan mutum biyu aka raba wa, wutsiyar da kuma than, da tuni an wuce wurin.

Amma na san abin da ya hana ka. Tsoro ne. Na duba littafin yaron, misalanka duka giwa da ɓera ne, sai Landan da wani kogi da ba wanda ya taɓa gani. Ka tsallake misalin da ke gaban hancinka, domin ka san duk jimlar gaskiya da za a gina a ajin nan a kan garinku za ta faɗo. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ta haura mutum miliyan 9, ba jihar da ta kai ta a Nijeriya, taku kuwa da Kaduna da Kafanchan da komai aka tattara aka samu miliyan 6 da 'yan kai. Ga darasin bigger da biggest a jimla ɗaya, kyauta. Ƙananan hukumomi 44 gare mu, ku 23. Ga more. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Naku kofunan kuwa, bari in rufa maka asiri. Ko gadar nan mai hawa-hawa ta shataletalen Hotoro da aka buɗe a 2023, wadda kake bi kullum kana ɗaga kai kamar baƙauye ya shigo birni, ta ishe ka koyar da high, higher, highest ba tare da ka ɓata alli ba. Kirarin garin nan ma kansa kwatance ne, gargaɗi ne ga baƙo cewa duk abin da ya ɗauko ya tarar da wanda ya fi shi. Ka zo garin da aka gina a kan "fi" kana koyar da ita da ɓera.

Ni mai adalci ne, ba zan hana ka 'yan jimlolinka ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 ta girmi ta Bayero, wadda a ƙarƙashinta ta tashi kafin ta ci gashin kanta a 1977. Ka rubuta older, na yafe maka. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a garinku aka fara buga ta a 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma ka ga ko sunanta darasinka ne na yau. Sai dai kafin ka fara hura hanci, ka tuna a nan Nassarawa, 'yar tafiya kaɗan daga ajinka, Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a 1909. Gidansa na nan, ka kai yara su gani. Mu muka fara, muka ga ciniki ya fi riba, muka bar muku alli.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kake zare ido in yaro ya ce more better. Wai kai mai kishin nahawu. Kai da har gobe kake cewa "mota ne", "matana ya dawo", ba ka raba mace da namiji a harshen da aka haife ka a ciki ba, kai ne za ka yi wa ɗan Kano bulala a kan harshen wasu? Shi kansa Shakespeare da kuke rantsuwa da shi a Samaru yakan ninka kwatance irin haka a wasanninsa, daga baya masu rubuta ƙa'ida suka haramta. Ban ce ka bar yaro a kai ba, don masu gyaran takardar WAEC da NECO ba ruwansu da Shakespeare, kuma ba kiredit a Turanci ba jami'a. Cewa na yi ka gaya masa dalili. Gajeriyar kalma mai gaɓa ɗaya wutsiya take ɗauka, doguwa kamar beautiful ko expensive sai a sa mata more a gaba, kuma ba a haɗa mata biyun, kamar yadda ba a cewa "ya fi fi". Masu gaɓa biyu su ne 'yan rigima, wasu nan wasu can, sai kunne ya saba. Sannan ga 'yan tawaye irin good da bad, da suke canza kama gaba ɗaya su koma better da worse. Waɗannan kaɗai suka cancanci waƙar da kake tashin unguwa da ita, kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Ka kuma lura da senior. Yaro zai ce he senior me, saboda "ya girme ni" ke yawo a kansa. Ka gyara masa ya koma senior than, sai ka ce nan ma bai yi ba, to ake sawa. Ranar da ka kai nan ka tausaya musu, ka bar tsumagiya a gida, don wannan ko a cikin malaman jami'arku akwai masu tuntuɓe a kai. Shi kuma than ɗin, ka fara gyara naka bakin tukuna. Yara sun ce "zan" kake cewa, har suna jira su ji abin da za ka yi.

Jarrabawar ƙarshen zango ni zan fitar da tambaya ta farko, na riga na gaya wa hedimasta. Za a ba su garuruwa uku, Zariya da Kaduna da Kano, a ce su jera su da great, greater, greatest. Duk yaron da ya sa Zariya a ƙarshe kada ka kayar da shi, ka turo mini shi kawai in binciki asalin kakarsa. Kuɗin sharar bara kuma har yau ban gani ba, ga watan cika-ciki ya sake matsowa. Ka haɗa da na bana ka aiko, kuma na bana ya fi na bara kauri.