Likitan Turawa Ya Dawo Daga Hutu

A 1989 BBC ta sallami Doctor Who, wasan talabijin da ta fara nunawa tun 1963, sai a 2005 aka sake buɗe masa ƙofa. Shekara 16 Turawan Ingila na jiran mutumin da sana'arsa ke nan tafiya cikin zamani, jiya da gobe duk unguwarsu ce, amma ya kasa zuwa a kan lokaci.

Abin da ke burge su shi ne motarsa, TARDIS: wani shuɗin akwatin 'yan sanda da cikinsa ya fi wajensa faɗi. To, su zo Maigatari ranar Alhamis. Direban Golf zai zuba mutum tara, buhun gero biyu da rago a but, ya leƙo ta taga yana kiran “Gumel, saura mutum ɗaya!”

Haƙurin jira kuwa, a tambayi fataken nan. An rufe bodar Maigatari a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020, aka sake garƙamewa a 2023. Da Likitan ya biyo ta nan lokacin, da har yanzu yana neman takardar kwastan ta akwatinsa.