Ranar da Na Kama Gada

Bakabe ba ya rasa labarin kifi. Namu na nan unguwar Bronx, a birnin New York, ko zancen kuɗin haya ake yi sai ya san yadda ya karkato da shi zuwa Argungu: yadda ake buga bindiga dubban mutane su auka kogin Matan Fada da homa da gora, yadda a cikin awa guda ake fito da giwan ruwa, yadda a 2020 aka kama mai kilo 78. Yana faɗa yana dukan ƙirji, sai ka rantse shi ya saɓo kifin a kafaɗa. Ni kuwa Bakatsine ne, tsakaninmu da Kabawa sai tsokana. Wata rana bayan sallar isha'i na ce masa, "Kai bawa, ga teku nan a bayan gari, Atlantika guda. In da gaske jinin masunta ne a jikinka, mu je ka nuna." Ya amsa nan take, a gaban shaidu.

Wata Asabar a Yulin 2024, muna idar da asuba muka shiga jirgin ƙasa, muka keta gari har tashar Sheepshead Bay a kudancin Brooklyn. A bakin titin Emmons jiragen su suke jere, kowanne da allonsa da ke faɗin lokacin tashi da irin kifin da za a nema. Ba shata ake ɗauka ba. Kowa kuɗin kansa yake biya, a ba shi hayar sandar fatsa in bai zo da tasa ba, a ba shi wuri a jikin ƙarfen da ya kewaye jirgin, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da bai taɓa gani ba. Ko rajistar kamun kifi ba a tambayarka, lasisin jirgin ya ɗauke maka. 'Yan gari sun riga mu: tun da duhu suka zo suka ɗaure sandunansu a bayan jirgi, inda kowa ya san nan ne wurin albarka. Mu aka bar mana gefe, dab da ƙofar bayi.

Bakabe ya zo da kular da ta fi ta kowa girma, mu biyu muka cicciɓo ta. Ya kuma zo da nonon ayaba guda a leda, wai guzuri. Yaron jirgi yana hango ledar ya ɗaure fuska. Ashe masuntan ƙasar nan sun camfa ayaba: in ta shiga jirgi, kifi ya yi ƙaura. Mutanen da suka je duniyar wata, ayaba suke tsoro! Aka ce ko ya zubar ko ya cinye kafin a tashi. Bakabe ya ce zubar da abinci almubazzaranci ne. Ya zauna a kan kularsa ya cinye tas, mutum wajen arba'in suna kallonsa.

Bai gama haɗiye ta ƙarshe ba sai ga yaron ya dawo da takarda. Akwai wata al'ada: kowa ya zuba 'yan daloli, wanda ya kama kifi mafi nauyi ya kwashe duka. Muka dubi juna. "Caca ce," in ji Bakabe, ya kuma ɗora da guntun wa'azi da Turancinsa, har da ɗaga yatsa. Yaron ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Muddin muna cikin lungun ruwan, lafiya lau. Bakabe yana tsaye ya ba iska ƙirji, yana yi mini bayanin yadda ake gane inda kifi yake da ido kawai. Muna wuce Breezy Point muka fita sarari, jirgi ya fara hawa da sauka. Bayani ya ragu. Can ya tsaya cak. Na waiga na ga mutumina ya yi fari fat, ya ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu, yana salati ƙasa-ƙasa. Ayabar da aka ƙi ta zauna a jirgi ta fita ta ƙofar da ta shiga. Wani tsoho mai koɗaɗɗiyar hula da ke kusa da mu ya leƙa ruwa ya ce madalla, ko ba komai an yi wa kifi kiranye. Aka ja Bakabe zuwa ciki aka kwantar da shi a benci, jikan masunta guda, ya rufe fuska da hularsa.

Sai ni kaɗai, ɗan tudu.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Kifin da ake nema a ƙasan teku yake zama, don haka ana ɗaura wa zaren darma mai nauyin oza shida ko takwas, a sama da ita ƙugiya biyu. A soka musu naman wata irin katantanwar teku, ko yankan wata farar dabba mai santsi da yawan hannaye, wadda warinta bai bar yatsuna ba har wajen Laraba. Kyaftin yana can sama yana duba na'urar da ke nuna masa ƙasan ruwa. In ya danna hon sau ɗaya, kowa ya saki zare. Za ka ji darmar ta yi ta tafiya har ta dungure a ƙasa, sai ka kulle injin naɗe zaren. Daga nan ilimi ya ƙare, sai jira.

Na jira. Rana ta ɗaga, na jira. Ƙeyata ta fara zafi, ƙafafuna suka yi tsami saboda dambe da tangaɗin jirgi. Lokaci-lokaci sai in ji ɗan motsi a zare, tik-tik, in fizgo da ƙarfi, in naɗo ƙafa arba'in na zare, in tarar da ƙugiya fes, an wanke ta. Akwai wasu ƙananan kifaye a can ƙasa da sana'arsu ke nan. Ka sake ɗanawa, ka sake saki, su sake cinyewa. A taƙaice dai na biya kuɗin jirgi ne don in ciyar da marayun teku.

Da shiru ya yi yawa sai malamai suka fara bayyana. Tsoho mai hula ya ce iska ce ke karo da igiyar ruwa, jirgi ba ya tafiya daidai, kifi ba zai ci ba sai ruwa ya juya. Wata 'yar Rasha daga Brighton Beach ta ce wata ne ya cika, sun ƙoshi da dare. Wani ƙato mai zane a damtse ya ce manyan jiragen kamfani ne suka share ƙasan teku da taru. Wani ya ce ruwa ya yi ɗumi, na kusa da shi ya ce a ƙasa ai sanyi ne ya yi yawa. Kyaftin kuwa ta lasifika ya ce mu yi haƙuri, jiya a daidai wurin nan sai da mutane suka gaji da ja. Na lura duk jirgin da ke tekun nan jiya yake kama kifi. Bayan kowa ya gama kawo hujjarsa, sai idanu su koma ƙofar ɗakin da mai ayaba yake kwance, daga nan su dawo kaina.

Rashin kamu da sauƙi in kowa bai kama ba. Abin da ke cin rai shi ne wani siririn dattijo ɗan Sin da ke kusurwar baya. Bai ce uffan ba tun safe, bai kawo dalili ko ɗaya ba. Ya ɗan girgiza sanda, ya ɗaga, kifi. Ya jefa a bokiti, ya sake saki, kifi. Ruwa ɗaya, abinci ɗaya, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Na kwaikwayi tsayuwarsa. Na kwaikwayi yadda yake karya wuyan hannu. Har hulata na juya irin tasa. Hasada dai haramun ce, amma a ranar na san inda take zama a jikin mutum: nan ƙarƙashin haƙarƙari, ɓangaren hagu.

Wajen hantsi sanda ta lanƙwasa da gaske. Na naɗo, zuciya tana bugawa, sai ga wata halitta: kai ƙato mai sulke da ƙayoyi, jiki ja-ja, fukafukai biyu a buɗe, a ƙarƙashinsu wasu siraran yatsu uku-uku da take tafiya da su a ƙasan ruwa. Tana faɗowa kan dabe ta fara gurnani, ƙurr-ƙurr, tana kallona. Na ja da baya ina a'uziyya. Yaron jirgi ya ce sunanta si-robin, ana ci, amma yawancin mutane mayarwa suke yi. Na ce mayar da ita, abin da ke magana ba zai shiga tukunyar gidana ba.

Na biyu kifi ne sosai, baƙi mai sheƙi, irin wanda suke kira si-bas, mai tsada a kasuwa. Har na buɗe kula. Yaron ya ce dakata, ya kwantar da shi a kan ma'auni. Dokar jihar New York a lokacin ta ce sai ya kai inci 16 da rabi. Nawa inci 16 cif. Na ce ya ɗan ja wutsiyar. Ya ce a'a. Na ce ya danna kan. Ya yi dariya ya cilla shi ruwa, ina ji ina gani. Tsoho mai hula, don ya kwantar mini da hankali, ya ce irin kifin nan yawancinsu mata ake haihuwarsu, sai sun girma wasu su rikiɗa su zama maza, don haka wataƙila baɗi in dawo in same shi ya zama magidanci. Ban ga abin lallashi a zancen ba.

Hon ya yi kuka, aka naɗe zare, kyaftin ya sauya wuri. Haka ake yi duk yini: a tsaya, a rasa, a matsa. A sabon wurin ne na ji an ja ni da ƙarfi. Na ja, aka ja. Na ƙara ƙarfi, aka ƙara. Daga ɗaya gefen jirgin kuma na ji 'yar Rashan nan tana ihu a kawo raga, ta kama babba. Zarena ne ya bi ta ƙarƙashin jirgi ya sarƙe da nata, da na wasu mutum huɗu, duk suka cukurkuɗe kamar taliyar murji. Yaron jirgi ya tsuguna yana warwarewa, yana faɗin wasu kalmomi da ba a koya mana a ajin Turanci ba.

Sai babban al'amari. Bayan azahar na saki darma, tana taɓa ƙasa sanda ta tanƙware har kanta ya kusa shan ruwa. Wani irin nauyi ne da ban taɓa ji ba. In jirgi ya hau sai abin ya ja ni ƙasa, in ya sauka sai ya ɗan sassauta. Na kafa ƙafa, na jingina ciki da ƙarfe, gumi yana zuba, ina kiran, "Bakabe, fito ka ga giwan ruwa!" Mutane suka fara matsowa. A raina har na gama rabo: kai na liman, tsakiya na gida, wutsiya ta Bakabe. Yaron jirgi ya zo ya taɓa zaren da yatsa biyu, ya saurara, ya ce, "Gada ka kama."

Da gaske yake. Ƙasan tekun da ke gaban New York yawancinsa rairayi ne fetal, kifi kuwa maɓoya yake so. Shi ya sa jiha take zuba duwatsu da tsofaffin jirage da kankare a wasu keɓaɓɓun wurare. A 2018, da ake rushe tsohuwar gadar Tappan Zee wadda ta haye kogin Hudson tun 1955, sai aka kwaso tarkacenta aka zuba a irin waɗannan wurare, har da wanda ke gaban Rockaway, inda muke tsaye. Nan kifi yake taruwa, nan kuma ƙugiya take maƙalewa. Yaron ya naɗe zaren a wani guntun katako ya fizga, ya tsinke. Darma da ƙugiyoyi suka zauna a can, aka rubuta mini kuɗin wasu. Ni dai har gobe ina cewa abin ya yi motsi.

Saura kaɗan a juya gida sai ga Bakabe ya fito yana dafa bango, ido ya faɗa. Na ce, "Riƙe mini sandar nan, bawa, in kewaya." Ban daɗe ba. Ina fitowa na tarar da taro a wurina, yaron jirgi ya miƙa raga, Bakabe yana naɗe zare da hannu ɗaya, ɗayan yana toshe da bakinsa. Aka ɗago wani faffaɗan kifi, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari sol, idanunsa biyu duk a gefen hagu, baki cike da haƙora. Fuluk ne, wanda doka a lokacin ta ce sai ya kai inci 19, wannan kuwa ya wuce nan nesa. Sandata ce, ni na ɗana ƙugiyar, ni na yi yinin tsayuwa. Shi minti uku ya yi.

"Ka gani?" in ji shi, murya a shaƙe. "Jini ba ya ƙarya."

A hanyar komawa aka zo awon gasa. Sikeli ne mai hannu biyu, a rataya kifi nan, a rataya wani can, wanda ya rinjaya ya tsaya. Na dattijon Sin ya kayar da kowa. Don neman magana yaron ya rataya namu a ɗaya hannun, sai ga na dattijo ya yi sama. Aka yi shewa. Yaron ya duba takardarsa ya ce kash, ba ma ciki, ya miƙa wa dattijo dunƙulen daloli. Bakabe ya bi kuɗin da kallo har suka shige aljihu. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, babu wata ruwaya da ta ce in gwaninta ce ba sa'a ba..." Na ce masa wa'azinsa na safe yana nan, da shaidu arba'in.

Da muka kusa gaɓa yaron ya tambaya ko a gyara mana kifin. Muka ce a gyara, a zatonmu hanji zai cire ya kankare. Wuƙa ta yi walƙiya sau huɗu, ya zare tsoka huɗu sirara ya sa a leda, kai da ƙashi da duk abin da ake farfesu da shi ya wurga wa tsuntsayen da ke bin jirgi. Bakabe ya yi wata ƙara da bai yi ba ko lokacin amai. Sannan aka tuna mana cewa ladan yaran jirgi kashi 15 zuwa 20 ne cikin ɗari na kuɗin shiga, muka biya.

A jirgin ƙasa ya yi rabo: uku nasa, ɗaya nawa, wai ladan sanda. Ya kuma bar mini ɗaukar kula tunda shi marar lafiya ne. Na isa gida na tarar uwargida ta jajjaga attaruhu da albasa cike da kwano, ta ɗora babbar tukunya, ta kuma gaya wa maƙwabta su turo yara da kwanoni. Ta buɗe kula, ta leƙa, ta ɗago ledar da yatsa biyu ta duba ta a fitila.

"Sauran suna wajen Bakabe?"

Na ce uku suna wajensa. Ta sauke tukunyar, ta aiki yaro kanti ya sayo sadin gwangwani huɗu.