Jinjina ga Masu Zaɓa wa Ingila Ɗan Leƙen Asiri

Sannunku da ƙoƙari, 'yan majalisar kallo. Allah ya ƙara basira, ya bar ku da wannan kishi da kuke yi wa makomar James Bond. Tun da aka kashe shi a ƙarshen No Time to Die a 2021 hankalinku bai kwanta ba. A teburin mai shayi na Kwanar Dangora, a shagon masu tura fim a waya a Tudun Wada, a bencin ƙofar gidan kallo a Kiru kafin a take ƙwallo, da zarar wani ya taɓo zancen sai kowa ya gyara zama. Wannan ya ce a nemo matashi wanda zai daɗe yana yi. Wancan ya ce a'a, a mai da labarin zamanin Sean Connery, a dawo da mota mai aman harsashi da agogo mai yanka ƙarfe. Wani ya rantse ya bar kallo muddin za a ci gaba da sa akta yana zubar da hawaye saboda mace, balle kuma a ce ya mutu. "Kai jama'a, ina aka taɓa yi, akta ya mutu?" Duk kun yi ƙoƙari. Amma waɗanda na fi sara wa su ne masu cewa lokaci ya yi da za a ba baƙar fata lambar 007.

Kuma kuna da babban abokin shawara. A 2022 kamfanin Amazon ya saye MGM a kan dala biliyan 8.45, sannan a watan Fabrairun 2025 iyalan Broccoli, waɗanda suka riƙe ragamar fim ɗin tun 1962, suka sakar masa ikon tsara labarin. Nan take Jeff Bezos da kansa ya fito shafin X yana tambayar duniya wa take so ya zama Bond na gaba. Wace ɗaukaka ta wuce wannan? Ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya yana neman ra'ayin mai sayar da rake a bakin titin Zariya. Kun sayi data da kuɗin guminku, kun yi musu har maƙogwaro ya bushe, kun tallata masa hajarsa ba ko sisi. Da watan Yuni ya zo suka ɗauko Denis Villeneuve ya ba da umarni, kamar yadda da ma za su yi ko kun tanka ko ba ku tanka ba. Allah ya saka muku da alheri. Ba kowane ɗan kasuwa ke dace da 'yan talla marasa lada ba.

Shekara da shekaru sunan Idris Elba ne a bakinku. Ubansa ɗan Saliyo, uwarsa 'yar Gana, ga tsawo, ga murya, ga kwarjini. Kuna cewa ranar da aka ba shi an share wa Afirka hawaye. Gaskiyarku. To wane aiki ne wannan da kuke nema wa ɗanmu? Ma'aikacin MI6, hukumar leƙen asirin Ingila a ƙetare, wanda gwamnatinsa ta ba lasisin kashe duk wanda ya tare mata hanya, a kowace ƙasa, ba alƙali ba shaida. Ian Fleming da ya ƙago shi jami'in leƙen asirin sojan ruwan Ingila ne a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a Jamaika ya zauna yana rubuta littattafan lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar ƙasarsa. Littafin farko ya fito a 1953, shekarar da MI6 ta gaske ta haɗa kai da CIA ta Amurka suka kifar da gwamnatin Mohammad Mosaddegh a Iran, saboda ya karɓe man ƙasarsa daga hannun kamfanin Ingila. Gidan da kuke so a ba ɗan Afirka ɗaki a cikinsa ke nan. Madalla da hangen nesa.

Haƙurinku ma abin yabo ne. Ku tuna Quarrel a Dr. No, fim na farko da ya fito a 1962. Baƙin masunci ne, shi ya san teku, shi ya kai Bond tsibirin da kowa ke tsoron zuwa. An nuna shi yana zare ido don fargabar dodo, yana kurɓar barasa don zuciyarsa ta tsaya. A bakin ruwa Bond ya juyo ya umarce shi ya je ya ɗauko masa takalmansa, ya kuwa tafi. Da dare ya yi dodon ya fito, ashe mota ce mai sulke mai feshin wuta, ta babbake Quarrel ƙurmus a cikin ciyawa. Ba a jima ba sai ga Bond ya yi wanka ya sauya kaya, yana zaune a teburin bos ana zuba masa abinci. Bayan shekara 44, a Casino Royale, Bond ya bi wani baƙar fata a guje a Madagaska har cikin ofishin jakadancin wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka, ya ratsa masu gadi, ya harbe mutumin ba makami a hannunsa, ya tashi harabar da wuta ya fice abinsa. Shugabarsa ta yi faɗa, amma babban abin da ya ƙona mata rai shi ne kyamara ta ɗauke shi. A gidan kallo kuwa tafi aka yi har da fito. Da wani jami'in Najeriya ne ya yi wa ofishin jakadancin Ingila a Abuja irin wannan, kun san sunan da duniya za ta kira shi da shi. Sau ɗaya aka ɗana wa baƙar fata lambar, wato Lashana Lynch a No Time to Die, kuma kafin fim ya ƙare ita da bakinta ta nemi a mayar wa mai ita. Duk kun gani, kun shanye, kuna nan kuna jiran rabo.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yafiyarku. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labarin baƙin ɗan leƙen asirin Ingila, domin an yi shi a ƙasar nan tun kafin a haifi Fleming. Sunansa Adamu Jakada. Wakilin Turawa ne mai kai-komo tsakaninsu da sarakuna a zamanin Gwamna Lugga, kuma rahotannin sirrin da ya riƙa kai musu kan halin da masarautu ke ciki, har da Kano, suna nan a rubuce, masana tarihi sun nazarce su. Shi ba shi da mota mai aman harsashi. Makaminsa harshen Hausa ne da fuskar da ba mai tsare ta a ƙofar gari. Irinsa kuma da dama, cikin fatake da 'yan aike.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanal Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, da igwa da bindigogin Maxim. Hujjarsu ita ce Sarkin Kano Alu ya ba Magajin Keffi Ɗan Yamusa mafaka bayan ya kashe Kyaftin Moloney. Garin farko da ya rufe musu ƙofa shi ne Bebeji. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, wanda ake kira Mai Jimina, ya matso jikin ganuwa ya nemi a buɗe, aka ƙi. Sai aka saita igwa. Harsashin ya farfasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da wasu manyansa da ke tsaye a bayanta. Garuruwan da ke gaba da labari ya iske su, ba wanda ya sake tsayawa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato.

Turawan da ke cikin rundunar nan ba su kai hamsin ba. Sauran duk baƙar fata ne, da yawansu Hausa suke ji, domin tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya fara tara Hausawa a Legas yana ba su kaki da bindiga. Baƙaƙe ne suka yi dakon kayan yaƙin daga Zariya, baƙaƙe ne suka shiga Bebeji ta ƙofar da aka fasa. Saboda haka burinku ya cika tun sama da shekara 120 da suka wuce. An ba baƙar fata lasisin kisa da sunan sarautar Ingila, kuma a ƙofar Bebeji ya fara gwada shi a ƙasar Kano. Yau ga jikokin waɗanda suka tsaya a bayan ƙofar nan suna ɗaga jijiyar wuya a kan wane baƙi ne ya fi dacewa ya sake sa wannan riga. Irin wannan yafiya ba kowa Allah ke ba ba. Matashin da zai jero maka Connery, Lazenby, Moore, Dalton, Brosnan da Craig ba tuntuɓe, ya lissafo maka fina-finai 25 ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye shi abin da ya faru a ƙofar garinsu a 1903, sai ya ce maka bai kalli wannan fim ɗin ba. Allah ya ƙara ilimi.

Natsuwarku ma ta isa a yaba. Hanyar da ta balle daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos, direbobi sun san shekarun da suka yi suna bin ta da addu'a a baki saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har aka kai sojoji suka kafa wurin atisaye a dajin. Kuma duk wanda ke Arewa ya sani, da ɗan gari akan ci gari. Ɗan bindiga ba ya shiga ƙauye sai infoma ya riga shi. Infoma ba ya sa kwat. Yana zaune a gindin bishiya da ƙaramar waya, ya san wanda ya kai masara kasuwa da buhu nawa ya sayar, ya san wanda ya dawo da kuɗin sa a aljihu, ya san ɗakin da maigida ke kwana da daren da 'yan sintiri ba sa fita. Da safe yana cikin masu zuwa jaje. Wannan shi ne leƙen asirin da ke cin rayukan mutanenmu daga Zamfara zuwa Katsina, aikin Adamu Jakada ne da sabon ubangida. Amma ku, mashallah, ba ku bari ya ɓata muku kallo ba. Damuwarku ita ce ko sabon Bond zai ci gaba da tuƙa Aston Martin.

Kun kuma yi wa masu shirya fim ɗinmu na gida kyakkyawar tarbiyya. Muryarku tana da nauyi a wurinsu, domin da yawan kallonku suke cin abinci. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an ga yadda kuka tashi tsaye, kowa da hukuncinsa. To me kuke nema a wurinsu da wannan murya? Wa zai auri wa, a dawo da wance, kada a kashe wane, a ƙara zango. Kwana Casa'in na Arewa24 ya nuna cewa za a iya ɗaukar makircin masu mulki a yi dogon shiri da Hausa mutane su zauna su kalla. Ƙwarewar tana nan, 'yan wasan suna nan, ganuwa da daji da kasuwa duk suna nan. Ku ne dai kuka tausaya musu, ba ku ɗora musu wahalar karanta tarihi ba.

Gatsen ya isa haka, bari in faɗi abin da ke raina. Ban ce kallon James Bond laifi ba ne. Fim ne da aka ƙware wajen yinsa, kuma Turawan Ingila sun yi abin da ya kamace su, sun ɗauki ɗan leƙen asirinsu sun yi masa ado har waɗanda ya yi wa ɓarna suna tafa masa. Abin da ke ci mini rai shi ne mu muna da labarin da ya fi nasu nauyi, a ƙofar gidanmu, mun bar shi yana mutuwa tare da tsofaffi. Duk wanda Amazon ta ɗauka, fari ne ko baƙi, aikin Ingila zai yi, kuɗin kuma Amurka za su tafi.

Ku juya wannan murya taku ga marubuta da daraktocin Kannywood. Ku ce kuna son fim a kan Adamu Jakada, a nuna yadda ya shiga fada ya yi gaisuwa ya fito da sirri, a nuna abin da aka biya shi da abin da ya jawo. Ku ce kuna son a nuna safiyar da aka rufe ƙofar Bebeji da mutanen da suka ƙi buɗe ta. Ku ce a yi dogon shiri a kan infoma, yadda ake ɗaukarsa da yadda gari ke gano shi, ko yaranmu sa gane shi idan ya zauna kusa da su. Malaman makarantun Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku koya wa ɗalibanku abin da ya faru a 1903. Ku kuma matasa, har yanzu akwai dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu. Wayar da kuke tura fim a cikinta tana naɗar murya, ku je ku zauna a gabansu ku naɗa tun suna raye.