Kai Mai Cewa "Sai Ta Asali", Matso Kusa

Na ji ka, Alhaji. Ka ce in dai tara lambobin yabo na soja ne, kai sai na asali, waɗanda suka shaƙi hayaƙin bindiga, sauran duk tarkacen gwangwani ne. Madalla da wannan ƙwarewa! Amma guda nawa ne a cikinsu suka taɓa jin ƙarar bindiga? Yawancinsu sai an gama yaƙi, an binne na binnewa, akawu ya cika takardunsa, sannan a aiko da lambar cikin ɗan kwali ta gidan waya. Mai ita ne ya je fagen daga. Ita ko narka ƙarfenta ba a yi ba tukuna.

Ka ce a'a, tsufa kake nufi? To riƙe wannan. Akwai lambar da Ingila ta ba waɗanda suka raka jiragen ruwa masu kai wa Rasha kaya ta tekun ƙanƙara a Yaƙin Duniya na Biyu, sunanta Arctic Star. Sai a 2013 aka fara raba ta, kusan shekara 70 bayan yaƙin. Sabuwa ce fil, wataƙila motarka ta girme ta, kuma ta asali ce, ba mai ja. Juya ta ɗaya gefen. A 1945 Amurka ta tara kusan rabin miliyan na Purple Heart, lambar waɗanda aka raunata, tana shirin mamaye Japan. Ba a yi mamayar ba, lambobin suka zauna a rumbu, aka yi ta ɗiba ana ba sojojin yaƙin Koriya da na Biyetnam. Soja ya ji rauni a 1968, an maƙala masa lambar da aka ƙera tun bai zo duniya ba. Tsohuwa ce ko sabuwa? Ina jiranka, ba sauri nake ba.

Ka gyara zama, ka ce ai waɗannan hukuma ce ta bayar, kai da na maye gurbi kake faɗa. Haba Alhaji! Tsohon soja gobara ta cinye masa gida, ko ɓarawo ya yi gaba da akwatinsa, ya kai shaida ofishin lambobi na ma'aikatar tsaron Ingila, aka buga masa wata, sau da yawa da alamar R ko wani rubutu a gefenta mai nuna madadi ce. Ita ya rataya a ƙirji duk ranar tunawa da mazan jiya har ya koma ga Mahaliccinsa. Ta farkon ba ta daɗe a hannunsa ba, ta biyun ta sha zufarsa. Kasuwa dai ta fi daraja ta farko, wannan ban musa ba. Amma ka je gaban 'ya'yansa ka kira ta biyun jabu, in ga ƙofar da za ka fita.

Jamusawa ma sun ƙara dagula maka lissafi. Lambar nan tasu ta kuros ɗin ƙarfe, Iron Cross, ƙirar 1939 tana ɗauke da tambarin 'yan Nazi a tsakiya. A 1957 Jamus ta Yamma ta yi doka: wanda ya samu lambar zai iya sa ta, amma sabuwar ƙira, an cire tambarin an sa ganyen itace a gurbinsa. Tsofaffin sojojin da kuɗinsu suka saya a kanti. Ba ta ga yaƙi ba, ba kuma ta bogi ba ce, har ma akwai masu tara ita kaɗai. A wane aljihun tebur za ka ajiye ta?

Ka ce to, duk wadda ta fito daga ainihin masana'antar ita ce ta gaskiya? Sannu da ƙoƙari. A 1996 aka ci tarar kamfanin HLI Lordship, wanda gwamnatin Amurka ta ba kwangilar ƙera lambar jarumta ta Medal of Honor, saboda ya sayar da guda 300 ta bayan gida. Ƙarfe ɗaya, injin ɗaya, ma'aikata ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne babu wanda ya yi jarumtar.

Kar ka ɗauka ina kare 'yan damfara, tun da na ga ka fara harara. Kwafin da aka buga masa COPY a baya bai cuci kowa ba. Jika ya sa shi a faretin tunawa da kakansa, 'yan fim su yi aiki da shi, ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya cike gurbi a allonsa. Wanda nake jin haushi shi ne mai ungulu da kan zabo: ya goge wannan rubutun da magagari, ya jiƙa ƙyallen lambar da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho, ko ya kankare sunan wani kurtu a gefen lambar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya buga na fitaccen jarumi. Shi ya sa masana ke yawo da ma'auni da gilashin ƙara girma. Gefen da aka kankare yakan sirance, haruffan da aka sake bugawa ba sa tsayawa a layi. Kai da me kake dubawa? Da labarin mai sayarwa?

Ka ce kana da mayen ƙarfe, in ya kama Iron Cross shi ke nan? Gaskiya ne yawancin na asali tsakiyarsu baƙin ƙarfe ne. Sai dai mai ƙera jabun ma ya ji wannan labarin, kan mage ya daɗe da wayewa.

Ga wadda ta shafe mu. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama, lambar wannan fagen kuwa ita ce Burma Star. Ingila ba ta buga sunan kowa a bayan irin waɗannan lambobin tauraro na Yaƙin Duniya na Biyu ba, ƙasashe irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu ne suka buga wa nasu sojojin. Tauraro marar suna, in ka raba shi da takardar sallama da hoton mai shi, ƙaramin kuɗi ne a gwanjo ko da na asali ne. Victoria Cross kuwa, lambar jarumta ta Ingila wadda kantin Hancocks na Landan ke ƙerawa tun 1856, tagullarta ba wani abin kirki take ba, amma akan saye ta fam dubu ɗaruruwa saboda sunan da kwanan watan da ke bayanta. Ashe suna kake saye, kana ta yi mana wa'azin ƙarfe.

Af, ka ce ka taɓa ganin ta asali da idonka a gidan tarihi? Wataƙila. A Disambar 2007 ɓarayi suka fasa gidan tarihin soja na Waiouru a Niyuzilan suka kwashe lambobi 96, har da Victoria Cross ta sojan ƙasar Charles Upham, sai a Fabrairun 2008 aka dawo da su. Tsoron irin wannan ne ya sa wasu gidajen tarihi ke kulle ta gaskiyar a ma'aji, su ajiye kwafi a bayan gilashi. Wannan da ka tsaya gabanta kana jinjina kai har idonka ya kawo ruwa, ka tambayi mai gadin wace ce?