Kwamfutar da ke Suma Bayan Azahar

A wani gida a gindin Dala, yaron gidan ya mayar da tsohuwar kwamfuta rumbun ajiya: hotunan biki, takardun fili, karatun malamai, duk a cikinta. Ya saka mata Ubuntu, ya rantse wai wannan ba ta faɗuwa. To, faɗuwa take. Da an yi azahar sai ta sume.

Ya sabunta manhaja, ya kwana yana gwada ƙwaƙwalwarta da Memtest, lafiya lau. Hajiyar gidan ta ce a kira mai ruƙiyya, kuma ban ga laifinta ba.

Da aka kwance akwatin, sai ga ƙurar hunturun bara ta toshe fanka, har ana iya shuka gero a kai. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, kwamfutar kuwa a ɗakin kwano take. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta fayil, diski ya birkice.

Aka share ta da buroshi, aka haɗa mata UPS, aka mayar da ita soron ƙasa mai sanyi. Ta warke. Hajiya ta ce turarenta ne ya yi aiki, yanzu kullum sai ta turara ta, fanka tana zuƙar hayaƙin.